Shin Sautin Duniyoyin da NASA Ta Naɗa Tasbihinsu Ne?

Tambaya: Allah gafarta Malam, an turo mana wani bidiyo a WhatsApp, ana jin wani irin gunji da fito kamar iskar hunturu. An rubuta cewa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ce ta naɗo muryar duniyoyin Zuhal (Saturn) da Mushtari (Jupiter) suna tasbihi, kuma duk wanda ya tura wa mutum goma zai sami lada. Ya halatta in saurara, in kuma yaɗa?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, kafin hukunci sai mun san mene ne abin, domin ba a yanke wa abu hukunci ba a san siffarsa ba.

Sauti ba ya tafiya sai ta cikin iska ko ruwa ko wani jiki, sararin da ke tsakanin duniyoyi kuwa fayau yake. Da za a kai ka kusa da Zuhal, ba abin da kunnenka zai ji. Abin da na'urori ke kamawa igiyoyin rediyo ne, masu fitowa idan ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki suka yi ta kai-kawo cikin ƙarfin maganaɗisun waɗannan duniyoyin. A 1955 wasu masana biyu a Amurka, Bernard Burke da Kenneth Franklin, suka fara gano cewa Mushtari tana fitar da su a wajen megahaz 22, wato cikin gajeren zangon nan da iyayenmu ke murɗa akwatin rediyo suna neman tasha. Daga baya kumbunan Voyager da aka harba a 1977, da Cassini da ya isa Zuhal a 2004, suka aiko da irinsu. Injiniyoyi ne ke sauko da igiyoyin zuwa iyakar jin ɗan Adam, wani lokaci su matse naɗi mai tsawo ya koma gajere. Ashe abin da ka ji tafinta ne, hannun mutum ya shiga ciki. A duniyar Mirrihu (Mars) kuwa, da yake tana da 'yar iska, makirufo ya naɗi busawarta ta gaske a 2021.

Saurare halal ne. In aka haɗa da tuntuntuni ma abin so ne, don Allah ya ce a Suratu Yunus, aya ta 101: "Ku dubi abin da ke cikin sammai da ƙasa."

Tasbihin halittu kuwa gaskiya ne, ba musu. Suratul Isra'i, aya ta 44, ta ce babu wani abu face yana tasbihi da gode masa, "amma ba ku fahimtar tasbihinsu." Malamai sun saɓa: wasu sun ce da harshen hali ne, wato yanayin halittarsu ne ke nuna girman Allah, wasu sun ce furuci ne na haƙiƙa. Ni na fi karkata ga na biyu, saboda Bukhari ya ruwaito Ibnu Mas'ud yana cewa sun kasance suna jin tasbihin abinci ana cikin cinsa. Sai dai wancan mu'ujiza ce a gaban Annabi (SAW). A nuna wani ƙara a ce "ga tasbihin nan", wannan magana ce a kan gaibu, tana buƙatar nassi, kuma babu shi. Ayar da ake kafa hujja da ita, ita ce ta ce ba mu fahimta. Abin da nake tsoro shi ne yaron da ya jingina imaninsa da bidiyon, gobe malamin kimiyya ya warware masa yadda aka haɗa shi, ya zaci ayar ce ta faɗi.

Batun ladan tura wa mutum goma ƙage ne. Lada ba a ƙayyade shi da ka. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Haka masu cewa sautin na jawo sa'a, wannan ƙofar duba ce da taurari, ka nisance ta.

In za ka tura, goge wancan rubutu, ka rubuta cewa igiyoyin rediyo ne da aka mayar sauti. Wanda ya turo maka kuma ka sanar da shi cikin taushi. Wallahu a'alam.