Neman kakan da ya bar Suwizalan a rajistar baftisma

Malam, ka ce kakan kakanka ya sauka Amurka wajen 1850, kuma takardar jirgi ba ta ambaci komai ba sai sunan Suwizalan. A ganina, kada ka fara da coci tukuna. Sai a 1876 gwamnatin tarayya ta mayar da rajistar haihuwa hannun hukuma a duk faɗin ƙasar. Kafin nan, a yawancin jihohi, kowane coci ke riƙe da littafinsa, saboda haka idan babu sunan ƙauye, lalube ne cikin duhu.

Abin da za ka nema shi ne garin asali, wanda suke kira Heimatort, domin a wancan zamani ɗa yana gadonsa daga uba ko da an haife shi a wani wuri, kuma sau da yawa limamin coci yakan rubuta shi kusa da sunan uban. Kundin Familiennamenbuch der Schweiz yana nuna garuruwan da kowane sunan dangi yake da asali. Idan jihar Bern ce, ka yi sa'a, littattafan cocinanta suna intanet, sai dai tsohon rubutun Jamusanci na hannu yana wahalar da ido. Amma idan kakan naka ɗan ɗariƙar Kirista ta Mennonite ne, ka sani cewa 'yan wannan ɗariƙa ba sa yi wa jarirai baftisma.