Amsoshin tambayoyinku: A kira motar kwasa, a yi gyara, ko a haƙa sabon sokawe?

Wani magidanci daga Kano ya rubuto: "Shekara goma sha biyu ke nan da gina gidana. A da sai mu yi shekara uku ba mu kira motar kwasa ba, amma tun da damina ta kankama bana an kwashe mana sokawe har sau biyu, ga shi ya sake cika. Magini ya ce a rushe komai a sake. Kuɗin da ya yanka ba ƙanana ba ne. Mece ce shawara?"

Alhaji, dakata da maganar rushewa tukuna. Iyalin gida ɗaya ba sa tara bahayar da za ta cika rami cikin wata biyu. Abin da ke cika maka rami ruwa ne, don haka tambayar ita ce daga ina yake shigowa, kuma me ya hana shi fita.

In ka ɗauke wasu sassan Abuja da ake jan ƙazantarsu ta manyan bututai zuwa matatar Wupa, kusan kowane gida a garuruwanmu shi ke riƙe da nasa. A gidan da aka yi aikin bisa ƙa'ida, rami biyu ne. Na farko tanki ne da aka shafe cikinsa da siminti don kada ya yi yoyo. A nan abu mai nauri yake kwanciya ya zama laka, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin halitta su riƙa cin abin da ya kwanta. Ruwan da ke tsakiya shi ke tsallakawa rami na biyu, wanda ba a shafe shi ba, ƙasa ta shanye shi sannu a hankali. Kowannensu da irin ciwonsa, kuma ba safai suke mutuwa tare ba.

Ka sa a ɗaga murfin tankin, a sami doguwar gora a naɗa mata farin tsumma a ƙasa, a zura har ta taɓa gindi, a bar ta ɗan lokaci. In an zaro, baƙin shatin da ke jikin tsumman shi ne kaurin lakar. In ta kai sulusin zurfin ruwan, kwasa ta yi, kuma gida mai matsakaicin iyali yakan kai nan cikin shekara 3 zuwa 5. In ba ta kai ba, kuɗin motar da kake biya asara ce, ruwa kawai ake ɗauke maka.

Ranar da mota ta sake zuwa, ka tsaya da kanka a bakin ramin bayan an janye ruwan. In ka ga ruwa yana dawowa ta bututun fita, ramin shanyewar ne ya ƙoshi. In yana tsattsafowa ta jikin bango, tankin ya tsage, ruwan ƙasa ne ke shiga, kuma sau da yawa shafen siminti mai kyau yana maganinsa. In kuwa ta bututun da ya fito daga cikin gida yake zirarowa alhali ba wanda ke bandaki, to akwai tankin masai mai yoyo. Zuba shuɗin wanki a tankin kowane masai, ka jira minti 15 ba a kora ba. Wanda launin ya sauko cikin kwanonsa shi ne mai laifi. Robar da ke toshe shi ba ta da tsada, amma in ta lalace tana iya tura ɗaruruwan litoci cikin rami a yini guda. Ka kuma duba ko wani ya haɗa indararo ko ruwan tsakar gida da sokawe. Na sha ganin wannan, kuma ruwan sama guda na watan Agusta ya isa ya cika shi.

In ta tabbata ramin shanyewar ne ya mutu, dalili shi ne maiƙon girki da sabulu da lakar da ta tsallako sun yi wa bangonsa wata baƙar yauƙi da ta toshe ƙofofin ƙasa. Wannan ba ya gyaruwa da kwasa. Sabon ramin shanyewa za ka haƙa a wani gefen, ka bar tankinka in lafiyarsa lau. Ka jira rani, domin haƙa a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana ruftawa kan leburori. In unguwarku fadama ce ko ƙasarku taɓo ce, ƙara zurfi ba ya taimako, faɗi ake ƙarawa. Ƙa'idar da masu aikin tsaftar muhalli ke bi ita ce gindin rami ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa, kuma ya nisanci rijiya da mita 30. Na san filin ƙafa 50 a 100 tsawonsa gaba ɗaya da kaɗan ya wuce mita 30 ɗin, shi ya sa dole ka san inda rijiyar maƙwabcinka take kafin a sa diga. Kwalara da taifot ta wannan hanya suke bi su shiga randa.

Wata uwargida daga Zariya ta ce: "Bandakinmu na wari, masai na yin ƙugi in an kora ruwa, wurin wanke-wanke kuma ruwa na daɗewa bai wuce ba. An ce in sayi wani sinadari a kasuwa in zuba. Wanne ya fi?"

Hajiya, ajiye kuɗinki. A fara gano wurin. In magudana ɗaya ce kawai ke jinkiri, toshiyar tana kusa da ita, robar tsotso ta gyaran masai ko waya ta isa. In duk gidan ne, har in an kora masai ruwa ya ɓullo ta magudanar wanka, to babban bututu ne. A bi ƙananan cambobin da ke tsakar gida, wato ramukan duba bututu masu murfi, ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Toshiya tana tsakanin wadda ta cika da wadda take fayau. In duk sun cika har bakin tanki, mota za a kira.

Wari kuwa sau da yawa ƙaramin abu ne. Ƙarƙashin kowace magudana akwai lanƙwasa mai riƙe ɗan ruwa, shi ke tare iskar rami. Bandakin baƙi da ba a shiga, musamman da hunturu, ruwan nan yakan ƙafe. Zuba bokiti guda ki gani. Ƙugin kuma, a hau a duba bututun da ke fitar da iska sama, tsuntsaye na yin sheƙa a bakinsa.

Sinadaran nan ban yarda da su ba. Soda mai ƙarfi tana ɗaukar zafi har ta tausasa bututun roba mara kauri, asid kuma yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da laka a tanki. Kada a taɓa haɗa asid da bilic, iskar da suke fitarwa guba ce. Kalanzir da baƙin mai da wasu ke zubawa don kashe wari ƙasa suke bi su tarar da ruwan rijiya. A hana jefa kunzugun yara da audugar mata da ledar fiya wata, a kuma daina juye ragowar man girki a magudana.

Ba a canza bututu sai in toshiya ta riƙa dawowa wuri guda. Wannan bututu ne ya lotsa, ko ya fashe, ko saiwar darbejiya ko mangwaro ta kutsa ta mahaɗa. Nan kam a tone wannan tsakanin a canza. A sayi bututu inci 4 mai kauri, wanda in kin matsa shi da hannu ba ya lotsawa. A shimfiɗa shi kan yashi da gangaren kusan santimita 2 a kowace mita, a yi camba a kowace kwana. Ki ce wa mai gyaran famfon ya sayo gwiwoyi da mahaɗai da gam, kada ya gasa bututu a wuta ya lanƙwasa, domin nan ne yake fara fashewa.

Wani malami daga Kaduna yana cinikin tsohon gida, ya ga dakalin sokawen ya tsattsage, ƙasar gefensa ta ɗan nutse. Mai gida ya ce shafe kawai yake so.

Malam, wannan ba na shafe ba ne. Iskar da ke taruwa a rami, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana komawa asid a jikin danshin murfi ta riƙa cin siminti ta ciki, rodi ya yi tsatsa ya kumbura. Sama sai ka ga kamar lafiya, ƙasa kuwa ya zama gari. Nutsewar ƙasa alama ce bango ya buɗe yana haɗiye ƙasar gefe, in kuma ramin yana jikin ɗaki, harsashin ginin ma yana cikin haɗari. Ka je da maginin da kai ka ɗauko, a buɗe a haska da tocila daga sama, a kora ruwa a duk bandakunan, ka tambayi maƙwabta yadda layin yake da damina. Kuɗin sabon tanki da rami a cire shi daga farashin gidan. Kafin nan a killace wurin, kada yara su hau, kada a ajiye mota a kai.

Tsohon ramin in za a bar shi, a kwashe, a cike shi da ƙasa da ɓaraguzai a daddanne. Rufe shi da kwano ko katako ba rufewa ba ne. Kuma ko 'yan gidan kowa da akwai, wato masu kwasar masai da hannu, ka kira, kada ka yarda kowa ya shiga ramin da aka buɗe yanzu. Iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauri, a gindi take kwanciya, in ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya faɗi bai ankara ba. Ba ashana, ba sigari a bakin rami, domin akwai iska mai kamawa da wuta. In tsautsayi ya sa wani ya faɗi a ciki, kada a bi shi, a kira 'yan kwana-kwana nan take.