Amsar Anti Matiron kan batun bita da masu ciwon zuciya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na sauka daga aiki. Ƙanwata da ke can ƙaramin asibitin karkara wajen Gumel, na saurari saƙonki. Kin ce wai bitar nan ta MCPDP, wato bitar ƙarin ilimi ta dole ga nas-nas da ungozoma, kuɗi kawai ake karɓa a ba mutum takarda, kuma ke da ba ki da likita ko na'urar hoton zuciya, me zai haɗa ki da karatun gazawar zuciya?

To, takardar dai dole ce. Hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa ba za ta sabunta miki lasisi ba sai da ita, duk shekara 3. Wannan babu gardama. Kuma gaskiya na sha zama a bitar da ba a tashi da komai ba sai ruwan leda da hoto. Amma ki bar batun takarda, ki ji wannan.

Lokacin da muke makarantar jinya a Birnin Kudu, an koya mana cewa mai gazawar zuciya ba a ba shi maganin da ke rage bugun zuciya. Da wannan na fito, na yi shekaru a kai. Wata rana na ga likita ya rubuta kabedilol, ɗaya daga cikin irin waɗannan magungunan, a katin wani dattijo mai wannan ciwon, wallahi har na ƙi bayarwa, na ɗauka kuskure ya yi. Ashe ni ce aka bari a baya. Yanzu yana cikin manyan magungunan ciwon, sai dai a fara da ɗan kaɗan, kuma bayan ruwan jikin ya sauka. Har maganin siga irin su Forxiga yanzu ana ba masu ciwon zuciyar da ba su da siga. Da ban koma karatu ba, da har yau ina musu da likitoci.

Sannan ke da kike ƙauye, ai ke ce a bakin gaba. Maijego ba Kano za ta fara zuwa ba, wurinki za a kawo ta a bayan babur, wata biyu ko uku da haihuwa, tana haki, ƙafa a kumbure, ana cewa sanyi ne ya shige ta ko jini ne bai ishe ta ba. Wannan ciwon zuciyar na bayan haihuwa, yankinmu yana cikin inda ya fi yawa a duniya. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya daɗe yana bincike a kansa. Abin da na fi tsoro shi ne a ga ta galabaita a ɗaura mata ƙarin ruwa a sake shi yana gudu. Na taɓa karɓar irin wannan, an turo ta bayan leda biyu, huhu ya cika. Allah Ya sa da sauran kwana.

In an kawo miki maijego, ki tambaye ta matashi nawa take tadawa kafin ta iya barci. Ko a zaune take kwana? Tana farkawa tsakar dare numfashi na sarƙewa? Ki danna ƙaurinta da yatsa ki ga ko ya lotsa. Wannan ba ya buƙatar na'ura. Sikelin da kike awon ciki da shi ma ya isa: wanda aka sallamo da Lasix, maganin fitar da ruwa daga jiki, in ya ƙara sama da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne yake taruwa, ba ƙiba ba ce, a mayar da shi asibiti.

Sai maganar abinci, nan ne ake shan fama. Ki ce a rage gishiri, su ce to, a koma gida a zuba magi huɗu a miya. Kunun kanwa kuwa, kada ki yi faɗa da uwar miji a gaban jama'a, ba za ki ci riba ba. Ki ja ta gefe, ki ce Inna, wannan jegon ba irin na sauran ba ne, kanwa na riƙe mata ruwa a jiki. Haka su diklofenak da ake saya a kemis saboda ciwon baya, su ma suna mayar da hannun agogo baya. In an rubuta maganin zuciya na digozin, kafin ki bayar ki ƙirga bugun zuciya minti guda cur, in bai kai 60 ba ki dakata ki kira likita.

Mu a nan abin da muke yi, duk wadda ta je bita, in ta dawo sai ta tsaya ranar Laraba bayan zagayen safe ta yi mana minti ashirin. Mu yi hakan a wannan zauren mana. Ƙanwata, ke za ki fara, ki turo mana labarin maijego ta ƙarshe da kika tura Dutse, ba suna ba gari, mu tattauna. Bari in tsaya nan, caji ya kusa ƙarewa.