Ina kuɗin kare giwaye suke tafiya?

Malam, ka tambaya wai me ake yi da kuɗin da ake tarawa don giwaye, alhali mutane na fama da yunwa. Gaskiya mafi yawansu wajen mutanen ma suke komawa. Albashin masu gadin daji, man mota, takalma, da na'urar da ake rataya wa giwa a wuya don a san inda garken ya nufa kafin ya faɗa gonar wani. CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, Sin ma ta rufe kasuwarta ƙarshen 2017, amma doka ba ta sintiri a daji, sai an biya mutum.

Ni abin da ya fi damuna manomi ne, wallahi giwa ta shiga gonarka dare ɗaya ta cinye wahalar shekara guda, in ba diyya ai dole ka tsane ta, gobe mafarauci ya zo kai za ka nuna masa hanya. Shi ya sa a Kenya ake kewaye gona da amyar kudan zuma, giwa na tsoronsu, ga zuma a sayar. Matsalar dai dogaro da 'yan yawon buɗe ido wajen samun kuɗin kare giwayen, da korona ta zo a 2020 kuɗin suka ƙafe.