Filin Harshe: 'Yan Ba-ruwanmu, Gurguzu da Ladan Kuturu

Tambayoyin wannan makon duk sun karkata ga kalmomin siyasar duniya, irin waɗanda rediyo ya saba mana da su. Ga su nan yadda suka iso.

Tambaya daga Gusau: Malam, me ya sa ake cewa "yaƙin cacar baka" maimakon "cacar baki"?

Amsa: Duka biyun Hausa ne. "Baka" ake cewa idan ana nufin abin da ke cikin baki ko wanda ya bi ta baki, kamar adabin baka. Ni ba nahawun sunan ne ke damuna ba. A Washington da Mosko kaɗai yaƙin ya tsaya a baka. A Koriya da Biyetnam da Angola da bindiga aka yi shi, kuma miliyoyin mutane suka salwanta.

Tambaya daga Kumasi: Kullum ina jin "Ƙungiyar Ƙasashen 'Yan Ba-ruwanmu". In ba ruwansu da komai, me ya tara su?

Amsa: Ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. A Hausar gida, ɗan ba-ruwana shi ne wanda zai hangi gobara a gidan maƙwabci ya ja ƙofarsa ya rufe. Ba yabo ba ne. Masu fassarar labarai suka ɗauko kalmar suka aza mata kayan da ba nata ba, ta kuwa zauna daram, yanzu babu mai iya tumɓuke ta. Sai dai a riƙa tuna abin da aka gutsure daga maganar: ba ruwanmu da ƙawancenku na soja. Nan maganar ta tsaya, ba ta kai ga sauran al'amuran duniya ba.

Amurka da ƙawayenta sun kafa NATO a 1949, Tarayyar Sobiyat ta mayar da martani da ƙawancen Warsaw a 1955. Kowane ɓangare na son ƙasashen da ke fitowa daga mulkin mallaka su yi masa mubaya'a, su ba shi filin kafa sansani. A watan Afrilun 1955 ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka hallara a Bandung ta Indonesiya, Sukarno ne mai masaukin baƙi. Ƙasarku ma ta aika wakilai, alhali a lokacin sunanta Gold Coast kuma Turawan Ingila ba su tafi ba tukuna. Ƙungiyar kanta a Belgrade aka kafa ta, a watan Satumban 1961, da ƙasashe 25. Tito na Yugoslabiya, Nehru na Indiya, Nasser na Masar, Sukarno da Nkrumah su ne a sahun gaba.

To, duba abin da waɗannan da ake kira 'yan ba-ruwanmu suka yi a taron Belgrade. An fara gina katangar Berlin a watan Agusta, kuma ranar da aka buɗe taron Sobiyat ta koma gwajin makaman nukiliya. Kafin su watse sai da suka rubuta wasiƙu ga shugabannin ɓangarorin biyu. Sukarno da Modibo Keita na Mali suka kai wa Kennedy tasa, Nehru da Nkrumah suka kai wa Khrushchev, saƙon kuwa ɗaya ne: ku zauna ku yi magana kafin ku ƙone mu duka. Gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya, wadda ke tsaka da yaƙi da Faransa, da kujerarta a zauren. Ɗan ba-ruwana ba ya yin haka.

Wani abin da masu sakin baki ba sa lura da shi: Tito ɗan kwaminis ne tsantsa. Abin da ya ƙi shi ne Stalin ya zama ubangidansa, suka ɓata tun 1948. Kenan rigimar ba ta aƙida ba ce kawai, ta wa zai ba wa wa umarni ce. Sakataren harkokin wajen Amurka, John Foster Dulles, ya fahimci hakan sarai, shi ya sa a 1956 ya kira wannan matsayi rashin ɗa'a. Da an tambaye ni tun farko, da "ƙasashe masu ƙin mubaya'a" na ce. Ban yarda da masu cewa "'yan raba ƙafa" ba, domin mai raba ƙafa yana cikin gida biyu ne a ɓoye, waɗannan kuwa a fili suka ce ba za su tare a ko ɗaya ba.

Ba na wanke su tas. A 1979 aka yi taronsu a Habana, Castro na Kyuba ya dage cewa ɓangaren Sobiyat abokinsu ne na asali, tsoho Tito ya taka masa birki. Watanni kaɗan bayan nan sojojin Sobiyat suka shiga Afganistan, wadda 'yar ƙungiya ce, Kyuba kuma, tana riƙe da shugabanci, ta goyi bayan Mosko a Majalisar Ɗinkin Duniya. A nan kam an raba ƙafa, har ma an ɗauke ɗayar.

Tambaya daga Zariya: Mene ne sayaki a cikin "gaba kura, baya sayaki"?

Amsa: Ita ma kura ce, mai zane-zane a jiki, ba ta kai mai dabbare-dabbare girma ba. Wasu kan ce siyaki. Daɗin karin maganar ke nan: duk inda ka juya dangi ɗaya ne. Patrice Lumumba, firaministan Kwango, ya je Washington neman taimako a 1960, ya dawo hannu rabbana, ya waiwayi Mosko, sai aka yi masa tambarin kwaminis. A watan Janairun 1961 aka kashe shi.

Tambaya daga Kano: Jari-hujja da gurguzu, daga ina aka samo su?

Amsa: Jari-hujja ta fassara kanta: jarinka shi ne hujjarka. Gurguzu kuwa ƙwayar yakuwa ce, wadda ake yin daddawar batso da ita, kuma ana cewa an yi abu a gurguzu idan an yi shi a dunƙule, jama'a gaba ɗaya. 'Yan jarida na cakuɗa gurguzu da kwaminisanci kamar abu ɗaya ne. Nyerere na Tanzaniya ɗan gurguzu ne, bai taɓa zama ɗan kwaminis ba.

Tambaya daga Jos: "Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski." Ana iya faɗarsa a kan bashin ƙasashen waje?

Amsa: Ƙwarai kuwa, wurinsa ke nan. Amma ka lura, karin maganar ya ɗauka cewa kuturu ɗaya ne a garin. Dabarar ƙananan ƙasashe a wancan zamani ita ce sun gane akwai biyu, kuma ba sa ga maciji da juna. Nasser ya nemi kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan daga Amurka da Ingila. Da ya sayi makamai ta hannun Cekoslobakiya a 1955, ya kuma amince da gwamnatin kwaminis ta Sin, sai Dulles ya janye tayin a watan Yulin 1956. Mako guda bayan haka Nasser ya mayar da mashigin Suez hannun gwamnatin Masar. Ingila da Faransa da Isra'ila suka far masa, aka tilasta musu janyewa, madatsar kuwa da kuɗi da injiniyoyin Sobiyat aka kammala ta a 1970. Duk da haka 'yan kwaminis na Masar a kurkuku ya ajiye su shekara da shekaru. Sekou Toure na Gini ya karɓi taimakon Mosko bayan Faransa ta kwashe kayanta, sannan ya kori jakadan Sobiyat a 1961. A 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba, ya hana jiragen Sobiyat sauka a Konakiri. Nijeriya ma ta taɓa: ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1962 bayan ɗalibai sun tayar da ƙayar baya, ta sayi jiragen yaƙi na MiG daga Sobiyat lokacin yaƙin basasa, kuma a Janairun 1976 Murtala Muhammed ya tsaya a Addis Ababa ya ƙi bin wasiƙar Shugaba Ford na Amurka a kan Angola. Askin dai akan yi shi, sai dai wani lokaci rabin kai ake yi a ajiye askar.

Tambaya daga Yamai: "Idan giwaye biyu suna faɗa, ciyawa ke shan wahala." Namu ne?

Amsa: Baƙo ne, a bakin Suwahilawa na gabashin Afirka aka fi saninsa. Ba laifi a yi aro, amma kada a ce "Hausawa na cewa". Kuma ciyawa ba ta da dabara, alhali mu namu cewa ya yi faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.

Tambaya daga Maraɗi: Mece ce ma'anar sawaba?

Amsa: Sauƙi bayan ƙunci. Kai da ke Maraɗi ka fi ni kusa da tarihinta. Ita ce sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta nemi a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardamar De Gaulle ta 28 ga Satumban 1958, a kan ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Gini ce kaɗai "a'a" ta yi rinjaye a cikinta. A Nijar Sawaba ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, 'ya'yanta suka nemi mafaka da horo a Gana da Aljeriya da Sin, yunƙurinsu na dawowa da makami a 1964 kuma bai yi nasara ba. A wannan gefen iyaka NEPU ta riga su ɗaukar kalmar tun 1950, daga nan Hajiya Gambo Sawaba ta samo laƙabinta.

Wanda ya aiko daga Katsina yana tambaya ko "'yan ba ruwanmu" ake rubutawa ko da karan ɗori: sa karan ɗori, suna ne guda.