Tambaya da Amsa: Jirgina na faiba ya koɗe, fenti zan yi ko gugewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon jirgin ruwa na faiba, shuɗi ne amma ya koɗe, in an shafa shi sai farin gari ya maƙale a hannu kamar alli. Na shafa masa kakin goge mota, bai jima ba ya koma gidan jiya. Sai fenti ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, dakata da maganar fenti tukuna. Abin da ke saman jirgin nan rezin poliyesta ne da aka haɗa da launi, masu sana'ar na ce masa jel-kot. A cikin mazubi ake fesa shi kafin a shimfiɗa faibar, kuma kaurinsa bai wuce kusan rabin milimita ba. Rana ce ke cin samansa har ya zama gari. Kaki ba ya cire wannan mataccen saman, rufe shi kawai yake yi, shi ya sa aikinka bai daɗe ba.

Ka fara gwaji. Jiƙa wani wuri da ruwa. In launin ya dawo yana jiƙe, jel-kot ɗinka na da sauran rai. In kuwa ka hango duhu-duhu ko zanen zaren faiba ta ƙarƙashi, ya riga ya sirance, gugewa ɓarna za ta ƙara, fenti mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da sinadarin taurarawa, shi ne mafita.

In ya ci gwajin, wanke shi tas da sabulu, ka bi da tsumma mai asiton (ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, mai saurin kama wuta) don cire tsohon kaki da maiƙo. Sa safar hannu, ka nisanci wuta. Liƙa salatef a kan ƙarafa, roba da rubutu. Sannan ka zaɓi ɗan fili, santimita 60 a kan 60, ka gwada man gugewa mai ɗan kaushi da injin goge mai ulu, juyi 1,200 zuwa 1,500 a minti. Kullum da mafi sauƙi ake farawa, don abin da ka kankare ba ya dawowa.

Sai in hakan ya kasa za ka ɗauko samfefar ruwa. Fara da lamba 1000 (800 sai ga wanda ya lalace sosai), ka bi da 1500, ka ƙare da 2000, domin ƙaruwar lamba ƙaruwar laushi ce. Naɗe ta a jikin soso mai tauri, don yatsu na barin kwari. Ruwa kada ya yanke, da ɗigon sabulu a ciki. Kada ka tsallake lamba, domin kowace tana share karcen da ta gabanta ta bari, karcen 800 kuwa ba kowane man gugewa ke iya shi ba. Kusurwa da gefe-gefe a bi su da hannu a hankali, nan aka fi fasa jel-kot. Bari jirgin ya bushe kafin ka jona inji da lantarki.

Wurin inji ake yawan kwafsawa. A inuwa ake aikin, don jiki mai zafi na busar da man nan take. Kada injin ya tsaya wuri ɗaya, zai ƙona wurin ya bar tabo. Ulu in ya cushe, tsaya ka tsefe shi. Bayan mai kaushi sai mai laushi da faifan soso, shi ke kawar da zagaye-zagayen da ulu ya bari, waɗanda suka fi fitowa a launi mai duhu irin naka. A nan ya kamata ka ga ƙyalli, tun kafin kaki. Sai ka shafa kaki siriri, shafi biyu, kana sabuntawa duk wata 3 zuwa 6. Ban da inda ake takawa, santsi zai yi, kada kuma a shafa wa fentin ƙasan jirgi.

Tambaya: Malam, nawa fari ne, amma daidai bakin ruwa ya yi rawaya, ga kuma ƙananan tsagu kamar yanar gizo-gizo kusa da inda ake ɗaure igiya.

Amsa: Rawayar ba ta samfefa ba ce. Ruwan wanke jirgi da ke ɗauke da asid ɗin oksalik zai cire ta cikin 'yan mintoci, ka ɗauraye sosai, ka kare idonka da tabarau.

Tsagun kuwa gugewa ba ta ɓatar da su. Danna wurin tukuna. In yana lotsawa, faibar ƙasa ce ke lanƙwasa, sai an ƙarfafa ta, in ba haka ba tsagar za ta dawo. In da tauri, buɗe tsagar ta yi ɗan kwari, share da asiton, cika da sabon jel-kot da aka zuba wa sinadarin taurarawa MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Ka rufe da leda, domin jel-kot marar kaki a ciki samansa ba ya bushewa in iska na taɓa shi. Daidaita launin da na wurin da ka riga ka goge, ba da koɗaɗɗen ba.