Ƙudan mangwaro da me yake gane 'yar gidansu?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce daga Samaru. An ce mana ƙananan ƙudajen nan da ke yanyame ruɓaɓɓen mangwaro iri-iri ne kuma basa barbarar juna, ni kuwa wallahi duk ɗaya nake ganinsu. To su da me suke ganewa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, tambayar nan ta min daɗi sosai. Da ɗanɗano suke ganewa. In kin ajiye ɓawon ayaba kwana biyu ki zuba ido, za ki ga namijin ya bi macen yana ɗan taɓa bayanta da ƙafarsa ta gaba, to ɗanɗanawa yake yi, don a ƙafar masu jin ɗanɗanon suke. Jikinsu akwai wani maiƙo kamar kakin zuma, asalin aikinsa ya hana su bushewa, kin dai san yadda hunturun Zariya ke yi wa leɓe balle ɗan wannan halitta.

Ɗauki 'yan uwa biyu, Drosophila melanogaster da Drosophila simulans. Macen melanogaster maiƙonta mai ƙwayoyin sinadarin kabon 27 ne a jere, ana ce masa 7,11-HD, ita kuwa macen simulans nata 7-T ne mai kabon 23, irin na mijinta sak. Namijin simulans na ɗanɗana 7,11-HD sai ya ja da baya. A 2009 masu bincike a Toronto ta Kanada suka kashe ƙwayoyin da ke haɗa maiƙon a jikin matan melanogaster, sai ga mazan simulans suna rububinsu, da aka shafa musu 7,11-HD ɗin kaɗai kuma nan take mazan suka daina kula su.

Wajen gadon ne ya fi burge ni. Akwai ƙwayar gado mai suna desatF a kiromozom na uku, wato ɗaya daga cikin zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai, ita ce ke taimakawa a haɗa 7,11-HD, kuma fa simulans ma tana da ita, ba wai ta rasa ba ne, makunnin da ke gabanta ne ya canza, shi yasa a macen melanogaster take a kunne, a simulans kuma shiru. Kamar gida biyu ne masu ƙwan lantarki iri ɗaya, ɗaya an haɗa masa waya ɗaya ba a haɗa ba.

Ko cikin melanogaster ɗin ma akwai bambanci, matan Afirka kudu da Sahara, inda nan ne asalin ƙudan, sun fi ɗauke da wani nau'in maiƙon mai suna 5,9-HD maimakon 7,11-HD, kuma an danganta hakan da wata ƙwayar gadon, desat2.